Gaiwa, Kifin Da Ke Kwana Cikin Busasshiyar Laka

A watan Maris, lokacin da zafi ya fara tsanani, masu yin tubali sukan gangara fadama su haƙa laka. Wani lokaci sai diga ta ɓamɓaro wani dunƙule mai ɗan rami a samansa. Idan aka fasa shi, sai a ga wata jaka mai launin ƙasa, siririya kamar busasshen ganye. A cikin jakar ga kifi a naɗe, da ransa, alhali wurin ya yi wata huɗu ko biyar bai ga ruwa ba. Wannan kifi shi ne gaiwa.

Mutanen Jiratawa da Tibiri da sauran garuruwan da ke bakin Gulbin Maraɗi ba baƙin gaiwa ba ne. Masuntan tabkin Madarunfa suna kama ta tare da tarwaɗa da karfasa. Amma da yawa daga cikinmu mun san ta a tukunya kaɗai. Ba mu san yadda take rayuwa ba, ba mu kuma san aikin da take yi mana a cikin ruwa ba. Yau za mu duba wannan, domin maganar ta shafi noman fadama, ta kuma shafi lafiyar yaranmu.

Kamanninta

Gaiwa doguwa ce, mai santsin jiki. Bayanta ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, cikinta kuwa ya fi haske. Idanunta ƙanana ne, ba ta gani sosai. Da sansana da taɓawa take neman abincinta. Babbar gaiwa takan kai tsawon mita ɗaya, nauyinta kuma ya kai kilo 4, ko da yake waɗanda aka fi kamawa ba su kai haka ba.

A inda sauran kifaye suke da fukafukai masu faɗi, ita gaiwa wasu zaruruwa huɗu gare ta, biyu a gaba, biyu a baya. Wanda bai sani ba zai ce ba su da amfani. A shekarar 2011 masu bincike na Jami'ar Shikago da ke Amurka suka sa gaiwa cikin akwatin gilashi suka ɗauki hotonta. Suka ga tana dogara zaruruwan nan biyu na baya a ƙasan ruwa, tana ɗaga jikinta, tana tura kanta gaba, kamar mai tafiya da ƙafa.

Ba ta da tarin ƙaya irin na karfasa. Yawancin ƙashinta guringuntsi ne, irin abin da ke cikin kunnen mutum. A nan ta ɗan yi kama da kifin shak na teku, wanda shi duk ƙashinsa guringuntsi ne, amma ba danginsu ɗaya ba. Bakinta kuwa abin kiyayewa ne. Ba ta da jerin haƙora ƙanana. Wasu faifai masu tauri da kaifi gare ta sama da ƙasa, waɗanda take murƙushe ɓawon katantanwa da su. Bakin da ya fasa katantanwa ba zai ji wuyar yatsa ba. Kada a bar yaro ya sa hannu a ramin gaiwa, kada kuma a kama ta ta wajen kai.

Masana suna kiran irin gaiwar da muke da ita Protopterus annectens. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Richard Owen shi ya fara rubuta bayaninta, a shekarar 1839, daga wadda aka kai masa daga ƙasar Gambiya. Kifaye masu irin halittarta kashi shida ne kaɗai a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostareliya. Tamu tana nan tun daga Senegal da Gambiya, ta bi kogin Kwara da rassansa, har zuwa tabkin Chadi.

Kifi mai huhu

Duk wanda ya taɓa gyaran kifi ya san jan abin nan da ke gefen kansa, mai kama da haƙoran matsefi, wanda ake cirewa a zubar. Da shi kifi yake tace iskar da ke narke cikin ruwa. Shi ya sa karfasa takan mutu jim kaɗan bayan an fitar da ita.

Gaiwa ma tana da wannan abu, amma nata ya ƙanƙance, ba ya isar ta. Abin da take dogara da shi huhu ne, guda biyu, dogaye, kwance a cikin jikinta. Lokaci-lokaci sai ta taso saman ruwa, ta fito da baki, ta haɗiyi iska, ta koma ƙasa. Idan ta maƙale cikin taru a ƙarƙashin ruwa ta kasa tasowa, mutuwa za ta yi. Kifi ne, amma ruwa yana iya cin ta kamar yadda yake cin mutum.

Wannan huhu shi ya sa take iya zama inda wasu kifaye ba sa iyawa. Ba ta neman tsakiyar tabki mai zurfi. Ta fi son gefe-gefe, inda ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, inda ciyawa ta yi yawa, ƙasa kuma taɓo ce. Irin wannan ruwa yakan yi ɗumi, ganyaye su ruɓe a ciki, iskar da ke cikinsa ta ƙare. Sauran kifaye su gudu ko su mutu. Gaiwa ko a jikinta, tun da iskarta daga sama take samu.

Yadda take wuce rani

Gulbin Maraɗi ba ya gudu duk shekara. Daga Najeriya yake tasowa, ya shigo ƙasar Madarunfa, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Da damina yake kawo ruwa. Bayan watan Oktoba sai yashi. Kududdufan da ya bari a fadama su ma sukan ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Tsuntsaye da yara su kwashe kifin da ya rage.

Gaiwa ba ta jira sai ruwa ya ƙare. Tun yana saura kaɗan, laka na da taushi, sai ta kafa kai ƙasa ta fara haƙa. Ba ta da farce, da baki take aikin. Tana cizon laka, tana fitar da ita ta kafofin gefen kanta, tana murɗa jiki tana nutsewa. Zurfin ramin ya danganta da girmanta. Sau da yawa bai fi taƙi ɗaya ba, babba kuwa takan zarce haka. A ƙarshen ramin sai ta buɗa wuri, ta juyo, ta naɗe jiki, kai yana duban sama.

Muddin akwai sauran ruwa a kan ramin, takan riƙa tasowa tana shan iska tana komawa. Idan ruwan ya janye sarai, sai fatarta ta fitar da yauƙi mai yawa. Yauƙin nan ya bushe ya zama jaka, ya rufe ta duka, sai ƴar kafa guda a daidai bakinta. Iska tana bin ramin da ta haƙa, ta shiga ta wannan kafa, ta isa huhu. Jakar kuma tana hana danshin jikinta fita.

An daɗe ana zaton jakar nan busasshen yauƙi ne kawai. A shekarar 2021 masu bincike na Jami'ar Niyu Meziko da ke Amurka suka nuna cewa ta fi haka. Suka tarar jakar tana ɗauke da rayayyun ƙwayoyin jiki, irin waɗanda ke cikin jini suna yaƙi da cuta. Su ne ke tare ƙwayoyin cutar da ke cikin laka, kada su kai ga fatarta. Da suka lalata wannan kariya, sai gaiwar ta kamu da ciwo. Ashe jakar riga ce, kuma garkuwa ce.

To, me take ci a duk tsawon wannan lokaci? Hausawa sun ce gaiwa jikinta take ci. Har akan kwatanta wanda yake cinye abin hannunsa, ba wani na shigowa, da gaiwa. Masana sun auna sun ga maganar magabata gaskiya ce. Ba da baki take cin jikin ba. Jikin ne yake narkar da kitsenta da tsokarta kaɗan-kaɗan, domin rai ya ci gaba. Don kada guzurin ya ƙare da wuri, sai komai nata ya lafa. Zuciya tana bugawa a hankali, numfashi ya yi nisa da juna, hanji ya daina aiki.

Akwai kuma wata matsala. Duk mai rai yana tara dauɗa a jininsa, dole ya fitar da ita. Kifin da ke cikin ruwa ba shi da damuwa, ruwa ke wanke masa ita nan take. Gaiwar da ke cikin jaka kuwa ba ta fitsari. Da dauɗar ta taru yadda take, da ta zama guba ta kashe ta. Sai hantarta ta juya dauɗar zuwa wani sinadari marar zafin guba, ta ajiye shi a jiki har ruwa ya dawo. Manoma sun san wannan sinadari, shi ne na farin takin zamanin nan da ake kira ure ko yuriya.

Haka take kwance wata bakwai ko takwas, gwargwadon tsawon rani. Masana da suka ajiye ta cikin busasshiyar laka a ɗakin gwaji sun ga ta wuce shekara uku da rai. A wasu sassan Afirka akan haƙo ta da dunƙulen lakarta a ajiye a gida, sai ranar da ake bukata a fasa. Ɗanyen kifi ke nan ba tare da gishiri ko banda ba.

Idan ruwan sama ya sauka, kududdufi ya cika, ruwa yakan bi ramin ya jiƙa jakar. Gaiwa ta farka, ta fito a rame, jiki a sanyaye. Cikin ƴan kwanaki sai ta fitar da dauɗar da ta tara, ta shiga neman abinci ba ji ba gani.

Uba ne mai reno

Da farkon damina take hayayyafa. Ana haƙa gurbi cikin taɓo a tsakanin ciyawa, a ruwa marar zurfi. Mace ta zuba ƙwai farare, kowanne bai kai ƙwayar wake ba, ta yi tafiyarta. Namiji ne ke zama gadi. Yana kaɗa wutsiya domin sabon ruwa ya riƙa ratsa ƙwan, yana kuma korar duk abin da ya matso. A wannan lokaci ya fi kowane lokaci saurin cizo.

Bayan kamar kwana takwas ƙwai ya ƙyanƙyashe. Ƴaƴan suna kama da talibambam, da wasu ƴan gashi-gashi a gefen wuya waɗanda suke shaƙar iskar ruwa da su kafin huhu ya yi ƙwari. Sukan yi kamar kwana ashirin kafin su bar gurbi. Wani masani ɗan Ingila, John Budgett, ya ga irin wannan gurbi da idonsa a fadamun Gambiya wajen shekarar 1900, ya rubuta bayaninsa.

Mai su ya lura da wannan. Idan aka kama namijin da ke gadi a watan Yuli, ba kifi ɗaya aka kama ba. An bar ɗaruruwan ƙwai ba mai tsaro, kwaɗi da ƙwari da sauran kifaye su cinye.

Gaiwa da tsargiya

Gaiwa ba ta zaɓen abinci. Tana cin kwaɗi, da ƙananan kifi, da tsutsotsi, da ƙwarin ruwa, har da saiwoyi da ƴaƴan ciyawa. Amma katantanwa na cikin abin da ta fi so, kuma a nan ne maganarta ta haɗu da maganar lafiya.

Tsargiya, wato fitsarin jini, wata ƴar tsutsa ce ke kawo ta. Mai ciwon idan ya yi fitsari a kududdufi, ƙwan tsutsar yana fita tare da fitsarin. Ƙwan ya fashe a ruwa, abin da ya fito ya nemi wata ƴar ƙaramar katantanwa ya shige jikinta. A can yake yawaita. Bayan kamar wata ɗaya sai dubban ƴan tsutsotsi, waɗanda ido ba ya gani, su riƙa fitowa cikin ruwa. Yaro ya shiga wanka, ko mace ta shiga wanki, ko manomi ya tsaya cikin ruwa yana ban ruwa, sai su huda fata su shiga jini. Ba sai an sha ruwan ba. In babu katantanwa, tsutsar ba ta da hanyar zuwa daga wani mutum zuwa wani.

Abin lura shi ne, wasu daga cikin katantanwan nan su ma sun iya dabarar gaiwa. Idan kududdufi ya ƙafe sukan shige laka ko ƙarƙashin busasshen ganye, su lafe har damina. Shi ya sa kududdufin da ya bushe ƙurmus da rani yake iya ba da tsargiya bayan ruwa ya dawo. Ruwan da ya tashe su shi ne ya tashi gaiwa, ita kuma ta tashi da yunwar wata bakwai. Karfasa da giwan ruwa ba su cikin irin wannan kududdufi a lokacin, sai in gulbi ya kawo su daga baya. Gaiwa kuwa tana nan tun ranar farko.

A ƙasar Sudan, inda manyan gonakin ban ruwa suka yi fama da tsargiya, masu bincike sun gwada wannan. A shekarar 1985 suka bayyana cewa gaiwa irin tamu tana cin katantanwan da ke ɗauke da cutar da yawa, kuma yawansu ya ragu ƙwarai a ruwan da aka sa ta.

Kada mai karatu ya ɗauka gaiwa magani ce. Ba ta iya cinye katantanwa duka, kuma cin namanta ba ya warkar da kowa. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne, kamar yadda wasu ke faɗa wa samari. Ciwo ne, yana rage jini, yana hana yaro ƙarfi da karatu, in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa ƙwaya ce mai suna farazikwantel, ana auna ta da nauyi ko tsawon mutum. Tun shekarar 2004 Nijar ta fara rabon wannan magani ga ƴan makaranta a wuraren da ciwon ya yi yawa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa ya tafi gidan likita. Kuma a hana yara fitsari da bayan gida a cikin ruwa ko bakinsa. Gaiwa mai taimako ce kawai, amma taimakon da ba a biya ko dala.

Mazauninta yana raguwa

Dattawa suna ba da labarin yadda gulbi yake malala da can. A shekarar 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har aka mai da gari bisa tudu inda yake yanzu. Irin wannan malala ita ke cika kududdufai da ƙananan tabkuna, ta haɗa su da juna, kifi ya samu hanyar yawo.

Yanzu al'amari ya sake. An gama madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina a shekarar 1989, a kan ruwan da ke ciyar da gulbinmu. Yashi yana gangarowa daga tudun da aka sare itatuwansa, yana cike tabkuna, har da na Madarunfa, wanda Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi suke ba ruwa. Jama'a ta ƙaru, kowane taƙi na fadama ya zama gona. A Jiratawa, tun farkon shekarun 1980 ake noman rani a babban fili da ruwan rijiyoyin burtsatse, ana samun zogale da kayan miya da hatsi. Wannan alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai ruwan famfo da ke bin magudanar siminti ba ya yi wa gaiwa gida. Ita taɓo take so, da ciyawa, da ruwan da zai kwanta wata biyu ko uku.

A faɗin Afirka gaiwa ba ta cikin kifayen da ake tsoron ƙarewarsu. Amma kududdufi guda yana iya rasa ta, in an bi ramukanta da rani an haƙe duka, ko an kwashe lakar wurin kaf an yi tubali. Tun da ramin ba shi da zurfi, garmar shanu ma tana iya tone ta. Mai gona a gindin tabki zai kyauta in ya bar wuri mafi zurfi, inda ruwa ke ƙafewa a ƙarshe, bai nome shi ba, domin a nan suka fi taruwa. Mai haƙa kuma ya ɗauki manya ya bar ƙanana. Ƙaramar da aka fasa wa jaka a tsakiyar rani ba ta kai wa damina.

Mafi muni shi ne guba. Wasu sukan zuba maganin ƙwari a kududdufi domin kifi ya taso su kwasa. Wasu kuma sukan wanke tankin feshi a bakin ruwa ba da wata mugun nufi ba. Duka biyun suna kashe kifi babba da ƙarami, suna cutar da dabbar da ta sha, da mutumin da ya ci. Dokar su ta Nijar ta hana kamun kifi da guba. Haka nan kada a fesa wa bandar kifi maganin ƙwari don tsoron tsutsa. A banda shi ya bushe sosai, a riƙa shanya shi, a sake mai da shi kan hayaƙi in ya fara laushi.

Akwai wuri ɗaya da ba a son gaiwa, shi ne ramin kiwon kifi. Wanda ya zuba ƴaƴan karfasa ko na tarwaɗa a tabkin da gaiwa take, ya kawo mata abinci ne. Ƙungiyar da ke shirin zuba kifi a tabkin garinsu ta fara neman shawarar ma'aikatan ruwa da daji. Wanda kuma ya haƙa ramin kiwo a fadama, kada ya ce ai ya bushe da rani, babu komai a ciki. Ya bi ƙasan ramin a hankali kafin ya sake cika shi, yana duban ƴan kafofin nan masu faɗin yatsa. Inda ya ga ɗaya, ya haƙa gefe, ya ɗauke dunƙulen gaba ɗaya ba tare da ya fasa ba, ya kai shi kududdufin da yara suke wanka da damina, ya binne shi daidai zurfin da ya same shi, kafar tana duban sama a buɗe.